Igiyar da Ta Fito da Bagudu

Ga ta nan tafe, ga ta nanku, jikokina.

Ta iso mu ji ta, Iya!

An yi wani mahaƙin rijiya, Bagudu, ƙato ne na gasken gaske. Kun san rijiya ba a haƙa ta sai da mutum a sama yana jan ƙasa. Shi kuwa gogan naku ya ce a'a, tasa zai haƙa shi kaɗai, kada wani ya ce ya sa hannu. Sai ya sassaƙa matakai a jikin ramin, yana hawa da kwandon ƙasa a ka. Ni dai ban taɓa jin taurin kai irin wannan ba.

Ran nan yana can ƙasa, zurfin gaba ashirin, sai ruwa ya ɓalle. Matakai suka jiƙe, suka zube. Sai Bagudu ya kwarma ihu.

Wata tsohuwa, Kande, tana itace, ta leƙo. "Ɗan nan, ruwan ya kai ina?"

"Gwiwa, Inna!"

Sai ta sheƙa gari. Kowane gida ya kawo igiyar gugarsa, aka ƙulla, aka zura. Ba ta kai ba.

"Ya kai ina?"

"Ƙugu, Inna!"

Sai aka kwance jakuna da awaki, aka ƙara igiyoyinsu. Ba ta kai ba.

"Ya kai ina?"

"Wuya, Inna, ku yafe ni!"

Sai dattawa suka warware rawunansu, mata suka sauke goyo suka ba da majanyu. Aka ƙulla, aka zura, ya cafke.

Allah mai iko! Layin masu ja tun daga bakin rami har kasuwa, har da makaho da mai ciki, baki ɗaya suna "Ja! Ja!"

Bagudu ya fito, ya duba, bai ga ƙarshen mutane ba. Ƙaton nan ya fashe da kuka.

"Inna, wane alheri na taɓa yi musu?"

Ta ce, "Ba komai. Amma da ka mutu a ciki, da wane baki za mu sha ruwan nan?"

Ƙurunƙus, kan kusu ya faɗa guga. Ku ji, mutum komai ƙarfinsa, ba ya jawo kansa daga rami.