Kwanan Watan da Ya Kusa Cinye Filin Nu'uman

Akwai wani injiniyan famfunan ruwa mai suna Nu'uman, wanda kamfaninsu na Kaduna ya tura aiki Riyadh. Rabin albashinsa a can yake karɓa da riyal. Ɗaya rabin a gida ake zuba masa, a kansa ake cire haraji. Ɗaki ɗaya suke haya a unguwar Manfuha shi da Idrisu direban kamfanin, ba don ba zai iya kama nasa ba, sai don yana tara kuɗin fili.

Shekara shida yana bin filin nan. A farkon Maris na 2016 matarsa Hansai ta kira shi daga gida, ta ce sunansa ya fito a jerin ofishin filaye. An ba da wa'adi zuwa ƙarshen wata kowa ya kai takardunsa, har da ta shaidar biyan haraji. Wanda bai kai ba, a ba na bayansa a layi.

Da Hansai ta je karɓar takardar harajin, sai aka ce ba za ta fita ba. Rahoton da kamfani ya aiko ya nuna kuɗin shigar Nu'uman na bara sun ƙaru da riyal dubu goma sha takwas, kuma ba a cire haraji a kansu ba. Ko dai ya biya cikon da tara, ko kamfani ya aiko da gyara. A lokacin naira ta faɗi, adadin ya kumbura, shi kuwa duk abin da ya tara ya riga ya tafi kuɗin fili.

Yana jin adadin ya gane shi. Kuɗin kwas ne da ya yi a wata cibiya a Riyadh kan kare lafiyar ma'aikata, ya biya daga aljihunsa, kamfani ya mayar masa. A tsarin kamfanin wannan kuɗin horo ne, gurbinsa daban, ba ya shiga albashi.

Mai cike wannan rahoto shi ne Bashari, akawun reshen. Dattijo ne, shekararsa ashirin da biyu a Riyadh, mai tsafta a aiki da kaifin harshe. Nu'uman ya same shi, ya gaishe shi, ya yi bayani. Bashari bai ko ajiye kofin shayinsa ba.

"Injiniya, kai da famfo, ni da lissafi. Tun kana firamare nake rufe shekara. Ka ce wa mutanen harajinku su sake dubawa."

Nu'uman ya haɗiye maganar ya fita. Bayan kwana biyu ya dawo, ya roƙi a buga masa shafin da aka shigar da kuɗin. Bashari ya buga, ya turo masa ta kan tebur ba tare da ya kalli takardar ba.

A mota Nu'uman ya jera ta da rasit ɗin makaranta. Rasit ɗin na ɗauke da kwanan watan Hijira, 20/2/1437, kamar yadda cibiyar ta saba rubutawa. Haka Bashari ya kwafe shi a gurbin da ke neman na Miladiyya. A ƙasan shafin, da ƙananan haruffa, an rubuta cewa duk rasit ɗin da bai faɗa cikin shekarar ba, na'ura za ta jefa kuɗinsa cikin alawus.

Kuskure ne da baƙo ba zai yi ba. Sai wanda ya daɗe a Riyadh har 1437 ta daina yi masa kama da baƙuwar shekara.

Idrisu, da ke tuƙi, ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce tsohon nan sau uku ya taɓa mayar da shi a kan rasit ɗin fetur na riyal ashirin.

"Oga, rubuta wa mudir, ka sa Kaduna a kwafi. Kwana biyu an gama. Shi kuma ya ɗanɗana."

Maganar Idrisu ba ta rasa gaskiya ba. Saura kwana goma sha biyar, kuma ƙara ita ce hanya mafi sauri. Nu'uman har ya rubuta wasiƙar a wayarsa. Amma kowa a ofis ya san mudir, shugaban reshen, ya daɗe yana neman dalilin da zai sauya Bashari da matashi. Iƙamar dattijon, wato izinin zamansa, a wuyan kamfani take. Idan aiki ya tafi, shi da matarsa da 'ya'yansa mata biyu da ke makaranta a unguwar Al-Oud sai filin jirgi.

Bai aika ba. Bai kuma goge ba.

Washegari bayan sallar azahar ya jira mutane suka watse. Bashari na zaune a bakin masallaci yana sa takalmi. Nu'uman ya zauna kusa da shi, ya miƙa masa takardun biyu a naɗe, ya zagaye kwanan watan da fensir.

Bashari ya daɗe yana kallo. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Ka kai wa mudir?"

"A'a, Baba. Aikinka ne. Kai ya kamata ka gano shi."

Dattijon ya sa takardun a aljihu ya tashi. Ko na gode bai ce ba.

Kwana biyu shiru. Hansai na kira safe da yamma, tana tambaya ko ta fara neman rance wurin yayanta. Idrisu kuwa kullum sai ya yi masa kirari da mai haƙurin da zai gina gidansa a sararin sama. Nu'uman ya buɗe wasiƙar nan ya fi sau goma, yana rufewa.

A rana ta uku aka kira shi ofishin mudir. Ya tarar da Bashari a tsaye da fayil huɗu a hannu. Ashe kwana biyun nan rahotannin shekara biyar ya bi ɗaya bayan ɗaya, ya samo wasu ma'aikata uku da irin wannan kuskure ya shafa, su ma ba su sani ba. Da bakinsa ya faɗa wa mudir cewa laifinsa ne, ya ajiye takardun gyara a shirye. Mudir ya yi faɗa, ya ba shi gargaɗi a rubuce, sannan ya sa hannu. Mutumin da ya kawo kansa da gyara a hannu, korarsa da wuya.

Saura kwana goma sha ɗaya. Takardun na buƙatar hatimin hedikwata kafin su je ofishin haraji, kuma wanda ya san yadda fayil ke kwana a kan tebur ya san kwana goma sha ɗaya ba komai ba ne.

Bashari yana da tikitin hutun shekara da ya ajiye don ya yi babbar sallah a gida, rabonsa da ita shekara uku. Ya je aka matso da shi, don ya kai takardun Kaduna da hannunsa. Idrisu ne ya kai shi Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid, kuma ya dawo yana cewa har jaka ya ɗaukar masa, bai san lokacin da ya yi ba.

A Kaduna dattijon ya karɓi hatimi a yini ɗaya. Sannan ya yi kwana uku a kan bencin ofishin haraji, yana bin fayil daga tebur zuwa tebur. Saura kwana biyu wa'adi ya cika, hoto ya shigo wayar Nu'uman: takardar shaida a hannun Hansai, a bayanta ga rasit ɗin ofishin filaye. Ta ce ta yi ta yi Bashari ya karɓi ko kuɗin mota ya ƙi, dambun nama kaɗai ya yarda ya riƙe.

Nu'uman ya zauna a gefen katifarsa, ya yi hamdala, sannan ya goge wasiƙar.

Ranar da Bashari ya dawo, Nu'uman da Idrisu suka je tarbarsa. Nu'uman ya fara godiya, dattijon ya ɗaga masa hannu.

"Bari, Injiniya. Ni kwana tara na ba ka. Kai shekara ashirin da biyu ka tsare mini."

Suna cikin mota, Bashari ya ciro takardar dawowa daga hutu da ya cike a jirgi. Ya miƙa ta baya wurin Nu'uman.

"Duba mini kwanan watan."

Idrisu ya kalli madubi, ya tambaya ko shi ma yanzu rasit ɗin feturinsa zai riƙa wucewa a karo ɗaya. Bashari ya ce masa wannan kam sai an duba.

Darasi: Idan kuskuren wani ya taɓa haƙƙinka, ka nemi haƙƙinka, ka riƙe hujjarka, amma ka fara ba shi damar gyarawa da hannunsa kafin ka tona shi. Wanda ka rufa wa asiri yana iya yi maka abin da ƙara ba za ta taɓa yi ba. Kai kuma da ka daɗe a aiki, daɗewa ba ta hana kuskure, wani lokaci ma ita ke kawo shi. Ku tura wannan ga abokan aikinku, musamman wanda yanzu haka yake da wasiƙa a waya yana shawarar aikawa.