Turmin Zuwaira

Akwai wani ɗan dako a Babbar Kasuwar Kaduna, tun Turawa ba su tafi ba, ana ce masa Labaran. Ƙato ne, amma bakinsa ya fi ƙirjinsa faɗi. In ya sauke buhu ɗaya a kasuwa, kafin labarin ya iso unguwarsu Abakpa ya zama buhu uku.

Sai aka ce bayan damina za a ɗauki sababbin 'yan kwana-kwana. Labaran na son aikin nan kamar me, don bayansa ya fara gajiya da dako, ga matarsa Zuwaira da ciki. Amma cikin gwajin akwai kama ƙarfe: mutum ya yi reto da hannu biyu, ya ja jikinsa sama har haɓarsa ta haye. Labaran ya shaida wa 'yan majalisarsu cewa shi da yatsa biyu ma zai yi.

Ya samo guntun bututun ƙarfe, ya saƙala a rassan mangwaron tsakar gida. Ya kama, ya ja, ya yi nishi. Jiki ya ce bai san zancen ba.

Maimakon ya faɗi gaskiya, sai ya yi dabara. Gidan matar aure ne, maza ba sa shiga, kuma zanar gidan ta rufe komai sai ƙarfen da ke sama. Ya kife turmin Zuwaira ya hau. Kullum bayan la'asar abokai na waje suna ƙirga, kansa na leƙowa yana nutsewa, alhali gwiwa kawai yake lanƙwasawa.

Rannan ana tsakiyar ƙirga, sai muryar Zuwaira ta ratso zana: "Maigida, in ka gama da turmin ka sauko, gero na jira."

Sai dariya ta ɓarke a waje, har wani ya zauna a ƙasa.

Kwana biyu Labaran na bin bayan layi. Maƙwabcinsa Baba Audu, tsohon sojan da ya yi yaƙin Bama, shi ya tare shi a bakin masallaci.

"Ɗana, turmin nan ba shi da laifi, kai ka yi masa hawan banza. Mu a bariki da akwati muka koya."

Ya ce wa Labaran ya hau turmin, ya ɗora haɓa a kan ƙarfe, ya ɗauke ƙafafu, sannan ya sauko a hankali kamar mai sauke tulu cike da ruwa. Wanda ya iya saukowa, in ji shi, wata rana zai iya hawa. Sharaɗi ɗaya ne: ƙarfen ya dawo ƙofar gida, inda kowa zai gani.

Wannan ya fi wa Labaran ciwo, amma ya fito da ƙarfen da turmin da kansa. Aka raɗa masa Sarkin Turmi, ya haɗiye. Tafin hannunsa ya yi kanta, kafaɗunsa suka yi tsami. Masu dariya suka gaji suka watse. Wata safiya, damina ta kusa ƙarewa, Zuwaira na daka a ciki, ya kama ƙarfen daga ƙasa ya ja. Sai ga haɓarsa a sama. Ba wanda ya gani sai wata akuya.

Ranar gwaji ya yi abin da aka nema, na ƙarshen ma da shure-shure. Aka ɗauke shi.

Da yamma majalisa ta tambaye shi sau nawa ya ja. Ya buɗe baki, ya hangi Baba Audu, ya sosa ƙeya.

"Daidai wanda suka ce. Da sun ƙara ɗaya, da gobe ina kasuwa."

Ranar ce labarin Labaran ya fara isowa Abakpa bai yi ƙiba a hanya ba.

Darasi: Fara abu da tallafi ba abin kunya ba ne, ɓoye tallafin shi ne abin kunya. Ka yarda ba ka iya ba, sai ka sami mai koya maka. Ku tura wa abokin nan naku da har yanzu yake tsaye a kan turmi.