Mutum Tara da Aka Sallama

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a garin nan namu na Yerwa, likita, wajejen shekarar 1986. Ba zan faɗi sunansa ba, ba zan faɗi asibitin ba, don 'ya'yansa suna nan da ransu.

Mutumin yana da ilimi, ba zan hana shi haƙƙinsa ba. Shi ke riƙe da ɗakin da ake kwantar da waɗanda ke rai kwakwai mutu kwakwai, gado huɗu da injin numfashi guda ɗaya tak. Yawancin waɗanda ake kawo masa masu ciwon sarƙe haƙora ne. Kun san ciwon. Ƙusa ko tsohon ƙarfe ya soki mutum, bayan kwanaki baki ya kulle, jiki ya sandare, amma kunne na ji, hankali na nan.

Da ya ga inji ɗaya ba ya isa, sai ya yi dabara. Ya ninka wata allura mai sakin jiki, ya ce da ita ba sai an nemi inji ba. Niyyarsa ta farko ba mummuna ba ce. Sai dai yana son kujerar farfesa, ita kuwa ba a hawanta sai an buga wa mutum bincikensa a mujallar likitoci.

Wannan mujalla ba irin wadda ake naɗe ƙosai da ita ba ce. Idan likita ya aika rubutunsa, edita zai tura wa masana biyu ko uku su tantance, ba tare da an gaya wa marubucin ko su wane ne ba. Su tone rubutun, su yi tambayoyi, sai sun gamsu a buga. Abin da aka buga kuwa, da shi likitocin wasu garuruwa za su yi wa mutane magani. Amma masu tantancewar ba su ga majinyaci ko ɗaya ba, takarda kawai suka gani. Ginin duka a kan amana yake tsaye.

Mutum arba'in ya gwada wa dabararsa. Biyar sun cika a kan gadon asibiti. To, kun san al'adarmu: idan dangi suka ga babu alamar tashi, sun fi son su ɗauke nasu ya cika a gida, a laƙƙana masa kalmar shahada, a yi masa sutura ba tare da jan lokaci ba. Likitan ya lura da wannan. Duk wanda ya ga numfashinsa ya fara ja da baya, sai ya kira babban dangin ya ce a hankali, "Ku kai shi gida ya huta." A rajista kuma a rubuta: an sallame shi. Mutum tara aka fitar ta haka, babu wanda ya kwana biyu a duniya.

Da ya zo rubutu sai ya ce biyar sun rasu, talatin da biyar an sallame su. Ya gaya wa zuciyarsa ai bai yi ƙarya ba, sallamar kuwa an yi. Haka Shaiɗan yake fara wa mutum, da magana mai kama da gaskiya.

Bayan wata huɗu amsa ta zo daga edita. Ɗaya daga cikin masu tantancewar, Allah ya saka masa da alheri, ya yi tambaya guda: waɗanda aka sallama, an bi sawunsu? Suna raye?

Nan ne ƙofar tuba take a buɗe. Bai shiga ba. Ya zauna ya tsara sunaye, ya rubuta cewa an ziyarci kowa a gida an same shi lafiya. Ya kai wa Sista Phoebe, babbar nas mai riƙe da rajistar ɗakin, ta sa hannu a matsayin shaida. Ta bi sunayen da yatsa, ta tsaya a kan ɗaya.

Ta ce, "Likita, Ajimi maƙwabcina ne a Gamboru. Na je gaisuwar rasuwarsa. Yaya zan sa hannu a kan cewa na same shi lafiya?"

Wannan baiwar Allah Kirista ce daga kudancin Borno, amma ta ji tsoron Allah a inda likitan, mai sahun gaba a masallaci, bai ji ba. Kafin wata ya ƙare ya sa aka mayar da ita wani ƙaramin asibitin ƙauye. Ya sa hannu shi kaɗai, ya aika. Aka buga. Ya zama farfesa.

Kuna tsammanin ya huta? Daga ranar ya shiga kurkukun da ya gina wa kansa. Dole ya koya wa ɗalibansa dabarar, tunda sunansa ne a kanta. Wani likita daga wata jiha ya rubuta wa mujallar cewa sun gwada, numfashin majinyatansu yana ɗaukewa. Edita ya turo masa wasiƙar ya ba da amsa, ya ce su ne ba su iya auna allurar ba. Sannan injin nan guda ya lalace. A taron kwamitin asibiti aka ce me za a yi da sabo, ga binciken Farfesa ya nuna ba a bukata? Aka juyo aka dube shi. Ya ce, "Haka ne."

Ina zai bi? In ya yi magana sunansa ya zube, in ya yi shiru mutane su ci gaba da mutuwa. Ya rubuta wa edita wasiƙa ya faɗi gaskiya duka, da sunayen mutum taran nan, ya nemi a janye binciken. Ya sa ta a ambulan, ya sa a aljihun tebur, ya ce gobe. Goben nan ta yi shekara uku.

Yana da gona a Dusuman. Wata Asabar tsohuwar wayar shinge ta yanke shi a ƙafa, ya wanke ya manta. Mai yi wa mutane allurar rigakafi ya shekara ashirin bai sabunta tasa ba. Bayan kwana tara, yana karin kumallo ya ji muƙamuƙinsa ya yi nauyi. Babu wanda ya kai shi sanin ma'anar wannan.

Aka kwantar da shi a ɗakin asibitin nan da yake riƙe da shi, a hannun Dakta Inuwa, ɗalibin da ya fi kowa yarda da shi. Ranar farko bakinsa yana ɗan buɗewa. Ya roƙi a kai shi Kano, inda akwai injin numfashi. Inuwa ya ce jijjigar hanya za ta tayar da ciwon, ya ƙara da cewa, "Malam, ina za mu kai ka, alhali daga wurinka kowa ya koya? Yadda ka rubuta, haka za mu yi maka, ba ragi."

Farfesa ya dubi ɗakin, ga ɗalibansa sun kewaye gadon. Kalma uku za ta ishe shi: ƙarya na rubuta. Kunya ta riƙe shi, ya ce a ransa bari su ragu. Washegari haƙora sun sarƙe, yatsu sun dunƙule. Wadda ta san gaskiya shi ya kore ta. Injin da zai taimake shi, da bakinsa ya ce ba a bukata.

Tsakanin allura da allura hankalinsa yakan dawo, ya kafe Inuwa da ido, hawaye na zuba. Inuwa ya ɗauka zafin ciwo ne, sai ya ƙara allurar.

Rana ta biyar numfashi ya fara ja da baya. Inuwa ya kira Madu, yayan Farfesa, suka tsaya a bakin gadon. Ya sassauta murya kamar yadda ya sha ganin malaminsa yana yi, ya ce, "Baba Madu, ku kai shi gida ya huta."

A mota ya cika, ba su kai ƙofar gida ba. A rajista aka rubuta: an sallame shi.

Inuwa ne ya tsinci wasiƙar lokacin da yake kwashe kayan ofishin. Ya aika wa edita, mujalla ta janye binciken ta buga dalili. Sunan da aka sayar da lahira dominsa, shi ma bai tsira ba. Inuwa da kansa ya ba ni labarin yana kuka, yana tambayata ko shi ne ya kashe malaminsa.

Ya 'yan uwa, kada wani ya ce ni ba likita ba ne. Mai awo, mai shaida a kotu, malamin da ke duba jarrabawa, duk wanda aka yarda da maganarsa ba tare da an gani ba, amana ce a wuyansa. Shaidar zur ba ta tsayawa a takarda, tana bin mutane har gadon jinya. Kuma wasiƙar da ke aljihun tebur ba tuba ba ce. Wa ya yi maka alkawarin gobe?

Allah ya kiyaye mu daga cin amana. Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya tun bakinmu yana buɗewa. Amin.