Ƙaramin Aikin da Dokta Ya Raina

Akwai wani mai binciken magunguna da kowa ke ce wa Dokta. Gwani ne, amma ya cika sanin shi gwani ne, kuma nan matsalar take.

Matarsa ta daɗe tana fama da wata ƙwayar cuta a huhu, wadda ta ƙi jin kowane magani. Shi ya sa ya duƙufa a ɗakin gwaje-gwaje har ya haɗa sabo. A cikin kwalba, maganin na kashe ƙwayar kamar wasa.

Wata rana abokiyar aikinsa ta tare shi da maganar wani enzayim, wato sinadarin da ƙwayar ke aiki da shi a jikinta. Aikin enzayim ɗin na asali gina wa ƙwayar bango ne, amma ta lura yana ɗan farfasa sabon maganin a gefe.

"Dokta, abin nan aiki biyu yake yi. Mu dakata mu nemo abin da zai toshe shi."

Ya taɓe baki. "Wannan ɗan abin? Matata na gida tana tarin jini, ke kina ce mini in dakata."

"Yau ne ƙarami. In muka matsa wa ƙwayar, da shi za ta tsira."

"Na riga ki shiga aikin nan," in ji shi.

Ya ɓoye zancen, aka ba da izinin gwada maganin a kan marasa lafiya, ya sa matarsa a sahun farko.

Da fari abin ya yi kyau. Ta miƙe, ta ci abinci, har tana tsokanarsa wai ya fi ta ramewa.

Amma maganin bai kashe ƙwayoyin duka ba. Waɗanda enzayim ɗinsu ya fi iya wancan aiki na gefe su suka saura, suka hayayyafa, suka cika huhun. Zazzaɓi ya dawo. Aka ninka maganin, amma kamar ruwa ake ba ta.

A gadon asibiti ta riƙe hannunsa, da ƙyar muryarta ke fita.

"Baban yara, kada ka zargi kanka. Ai ba ka sani ba."

Ya kasa ɗaga kai ya dube ta. Bai faɗa mata gaskiya ba har ta cika.

Darasi: Son da kake yi wa mutum ba zai gyara ɓarnar da girman kai ya yi ba. In an nuna maka ɗan aibi a aikinka, tsaya ka duba. Ku tura wa duk wanda ran wani yake hannunsa.