Rigar Kyautar Kamfani

An yi wani mutum a garinmu, shugaban ma'aikata a injin yankan katako. Ba zan faɗi sunansa ba, uwarsa na da rai.

A ƙofar injin akwai allo da ake rubuta kwanakin da aka yi ba wanda ya ji ciwo. In shekara ta cika ba a goge ba, sai kamfani ya gasa nama, ya raba wa kowa rigar sanyi mai tambari. Saura kaɗan ta cika, gungume ya zame ya bugi mijina Darrell a baya.

Wanda ya ji ciwo a bakin aiki, in ya kai rahoto, ana ba shi kuɗin jinya ya zauna gida har ya warke. Amma sai an goge allo.

Mutumin nan ya dafa Darrell, ya ce, "Haba tsoho, ɗan wannan? Dukan da matata ke min ya fi haka. Za ka hana mu nama saboda bayanka?"

Aka yi dariya. Darrell ma ya yi. Ya haɗiyi maganin ciwo ya koma aiki.

Shekara ta cika, aka ci nama. Ba a jima ba ciwon bayan ya riƙe Darrell yana saman tsani, ya faɗo. Ranar da muka binne shi sanyi ake yi. Abokan aikinsa duk cikin rigunan suka zo.

Tun daga nan mutumin bai ƙara barcin kirki ba, sai giya. Wata rana zarto ya tsaga masa tafin hannu. Ya naɗe da tsumma ya ci gaba da aiki.

Matarsa ta ce, "Don Allah ka kai rahoto, ka je asibiti."

Ya ce, "Da wane bakin?"

Hannun ya ruɓe, aka yanke shi daga gwiwa. Aiki ya tafi, matar ta bi.

Ya 'yan uwa, nawa rigar sanyi take? Ta kai ran mutum? Kada ka danne hakkin mai ciwo da wasa da dariya. Wanda ya ce ya ji ciwo, ka kai shi da kanka.

Har yau, in na je kabarin Darrell, nakan tarar da mutumin a durƙushe yana cire ciyawa da hannu ɗaya. Bai taɓa ɗagowa ya dube ni ba.

Allah ya kiyaye mu daga hakkin da mai shi ya tafi ba mu roƙe shi gafara ba. Amin.