Ogan ɗin Malam Labaran

Akwai wani saurayi a Unguwar Shanu, sunansa Suhaib, mai gyaran rediyo. Tun da mahaifinsa Malam Labaran ya rasu, duk safiya sai ya shiga ɗakin marigayin ya tsaya gaban wani tsohon ogan, ya ce a hankali, "Baba, na zo."

Ogan ɗin irin fiyanon nan ne na da, mai jikin katako, mai aiki da lantarki. Da shi Malam Labaran ya yi kiɗa a otal zamanin samartakarsa, kafin ya samu aikin gwamnati ya rufe shi da zane. Ɓeraye sun cinye wayoyinsa, tsatsa ta kama cikinsa.

Mahaifiyar Suhaib, Hajiya Ramatu, tana cikin takaba. Wata rana ta ce, "Suhaib, ranar da na fita, ina son in ji muryar abin nan ko sau ɗaya. Da shi babanku ya fara yi mini magana."

Daga ranar Suhaib ya duƙufa. Ya zare ruɓaɓɓun wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya sa sababbi, ya liƙe da dalma har yatsunsa suka yi bororo. Daga Amurka aka kawo ogan ɗin, wutar da yake sha rabin tamu ce. Don haka ba a jona shi da bango sai ta cikin wata taransifoma mai rage wuta. Suhaib ya san wannan kamar sunansa. Sai dai taransifomar ta yi tsami, ya kai ta shago yana sake mata naɗin waya.

Yayansa Rabe, babban ma'aikaci a wata ma'aikata, ya tsani aikin nan tun ranar farko.

"Mutane sun manta ubanmu ya taɓa zama maroƙi," in ji shi, "kai kana son ka tuna musu."

"Baba ba maroƙi ba ne, Yaya. Bai taɓa wasa kowa ba."

"Je ka yi wa surukaina wannan bayanin."

Ana gab da fitar Hajiya daga takaba, Rabe ya zo da yamma, ya tsaya a bakin ƙofa ko takalmi bai cire ba.

"Ga 'yan gwangwan can a waje da kurarsu. Yau za su kwashe wannan gawar."

"Na gama shi, Yaya. Gobe zan gwada."

"Ka gama? Kai da ko sakandare ba ka gama ba? Me ka taɓa gamawa a rayuwarka?" Rabe ya yi dariya. "Shi ma Baba ya sani. A asibiti ni yake kira, kai kuwa sai a aike ka sayo ruwa."

Suhaib ya miƙe tsaye. Ba ya ganin komai sai bakin Rabe. So yake ya rufe bakin nan yanzu, ba gobe ba. Ya fizgi wayar ogan ɗin ya soka a bango kai tsaye babu taransifoma, ya danna madanni.

Ogan ya yi kuka. Murya ɗaya ce, doguwa, mai kauri, ta cika ɗakin ta fita tsakar gida kamar an buɗe wata ƙofa da ta daɗe a kulle. Sai wani abu ya yi ƙara a ciki, muryar ta yanke, hayaƙi ya taso da warin ƙonanniyar roba.

Rabe ya toshe hanci. "Ba na faɗa maka ba? Abin da ya mutu ya mutu. Su ma 'yan gwangwan sai ya huce za su taɓa shi." Ya juya ya fita.

Suhaib ya buɗe bayan ogan ɗin. Abin da ya ƙone a ciki an daina ƙera irinsa tun kafin a haife shi.

Ya daɗe a durƙushe kafin ya ji muryar Hajiya daga ɗakinta.

"Suhaib, shi ne na ji? Ya tashi?"

"Saura kaɗan, Umma."

Rabe yana faɗa wa dangi cewa abin dama matacce ne, kowa kuma ya yarda. Suhaib kaɗai ya san lafiyarsa ƙalau, ya gyaru tsaf, da hannunsa ya kashe shi. Har yanzu bai faɗa wa kowa ba.

Darasi: Kada ka bari bakin mai zaginka ya zaɓa maka lokaci. Aikin da ka yi wa haƙuri wata da watanni, fushin ɗan lokaci ya isa ya ƙone shi, kuma mai tsokanar ba zai yi asarar komai ba. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila wani yana gab da jona wayarsa cikin fushi.