Igiyoyin Baba Nomau

Ku matso kusa, ku masu cewa in ciki ya cika magana ta ƙare. Ga wata, ku warware mini.

Shekarar da kogi ya cinye ƙauyenmu, Baba Nomau mai tufka igiya ya rasa gida da rumbu, matarsa ma ruwan ya tafi da ita. Aka fito da shi tudu, ga shi dama ido ya daɗe da tafiya. Ya kwanta ya ƙi cin komai. 'Ya'yansa uku suka tsaya a kansa, kowa da abin da ya ɗauka shi ne rai.

Mantau, babbansu, ya ce mutum cikinsa ne. Ya sayar da bijiminsa na huɗa, shi kaɗai ya rage masa, ya sayo gero. Ba don shi ba, da babu abin ɗorawa a wuta.

Tasalla ta ce rai sai da rufi da magani. Ta cire kwanon rufin ɗakinta ta rufa masa nasa, ita da 'ya'yanta suka koma ƙarƙashin tamfol, ta yi ta jinyar tarinsa. Ba don ita ba, da sanyi ya ɗauke shi.

Amma tuwo yadda ya zo haka yake komawa. Jatau, autansu, ko akuya ba shi da ita. Ya ce abin da ke kashe babansu shi ne babu mai bukatarsa. Ya yanko kaba ya zube gabansa, ya ce masu shanu na ta tambayar igiyarsa. Ƙarya ce, duk sun koma ta roba. Ran nan tsoho ya tashi zaune ya nemi tuwo. Yana tufkawa, Jatau na kwashewa yana jibgewa a bayan ɗaki.

To, ramin ƙarya ƙurarre ne. Bayan shekara, tsoho yana lalube da sanda ya ci karo da tarin igiyoyin. Ya shafa, ya gane tufkar hannunsa, gara ta cinye rabi. Ya ce, "Jatau, ashe gara nake yi wa aiki?"

Bai sake taɓa kaba ba, bai sake taɓa tuwo ba. Gero na nan, rufi na nan, kwana tara muka kai shi makwancinsa. Har yau abin na ci mini rai.

To, wa ya riƙe ransa a shekarar nan: mai gero, mai rufi, ko wanda ƙaryarsa ta tashe shi, ita kuma ta kwantar da shi?